Ƙwan da Baffa Ya Yi wa Kwanci

Tsufa ya fara yi mini wasa, har nakan nemi tabarau alhali yana kan hancina. Amma duk iya ƙoƙarinsa ba zai goge mini yammacin da Baffa ya yi wa ƙwan majigi kwanci ba. A garinmu har gobe in aka tuna sai a yi ta dariya, ni ma nakan taya su. Sai dai tawa dariyar ba ta kai ciki, domin na san abin da aka rasa a wannan yammacin, kuma ba ƙwai kaɗai ba ne.

Lokacin mulkin soja ne, shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kamar da ma akwai abin da zai zube daga aljihun. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can cikin gonakin rake na wajen Hunkuyi. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, yayana wanda shi ne ɗan farinta, sai ni auta. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya. Yayana soja ne, aka kwashe su zuwa wata ƙasa can bakin teku aikin raba faɗa, aka shekara, aka sake shekara, ba mu sa shi a ido ba.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mu Kirista ne tun daga kakanmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram a gidanmu kamar gidan kowa. "Yaron nan" take ce masa. In aka kawo labarinsa sai ta kau da kai ta shiga ɓarar gyaɗa, kamar ba da ita ake ba, kunnenta kuwa yana wurin. Ga yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Abu babba cikin haske mai ƙarfi kaɗai take iya rarrabewa.

Cikin wata bazara, wani abokin aikinsa da aka dawo da shi jinya ya kawo mana kaset ɗin bidiyo. Sojojin yankinmu ne suka jeru, kowa ya fito ya gai da gida ya koma gefe. Na ɗauki Inna muka tafi Hunkuyi gidan wata abokiyar aikina mai talabijin. Da aka zo kan yayana, ya tsaya yana murmushi ya ce, "Inna, ki dube ni da kyau. Kin ga na yi ƙiba? Kada ki sa komai a ranki." Inna ta yi ta matsowa har hancinta na neman taɓa gilashin, amma ban da walƙiya babu abin da ta gani. Da muka koma gida ta zauna a bakin gado ta kira ni.

"Auta, yana cewa in dube shi."

Na ce, "Na ji, Inna."

"An ce gani ya kori ji. Ni ji kawai aka bar mini."

Tunda nake da ita ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan a kansa ba. A ranar na ƙudura cewa ko ta halin ƙaƙa sai ta ga fuskarsa.

Gundumar ikilisiyarmu tana da majigi guda ɗaya tak, irin wanda ake haɗawa da akwatin bidiyo ya watsa hoto a bango, mutum ya fito ya fi ƙofa tsayi. Yana hannun wani mai bishara a Makarfi. Na sha taya shi haɗawa a taron zumuntar mata, don haka hannuna ya saba. Da na je masa da buƙatata, na tarar yana shirin tafiya gida kudancin Kaduna jana'iza. Ya dube ni, sannan ya jawo akwatin.

Ya ce, "Malama, don Inna na ba ki. Tsoho ne, kin ga ma jikinsa ya tsage na ɗaure da robar taya. Ransa duk yana cikin ƙwan nan, kuma ba ni da wani, a ƙasar nan ma ban san mai shi ba. Ƙwan ba ya son zafi. Ga ramukan iska a gefe da ƙasa, fanka tana ciki. Ki ɗora shi a kan katako zalla. Kada a sa komai a ƙarƙashinsa, kada a sa komai a kansa. Kada a kunna sai masu kallo sun zauna. In an gama ki kashe ƙwan, ki bar fanka ta yi ta juyawa har ya huce, sannan a taɓa janareta."

Niyyata in rataya zanen gado a tsakar gidanmu, ni da Inna da ƙawarta, wata tsohuwa Musulma mai tuyar ƙosai da suka tashi tare, mu kalla mu tashi. Ashe labari ya riga ni isa kunnen Baffa.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, kuma dattijon ikilisiya. Irin mutanen nan ne da ko suna aka je sai ka ɗauka shi aka haifa. A lokacin ana raɗe-raɗin kantoma zai naɗa kansiloli, Baffa kuwa har ya ɗinka babbar riga yana jira. Tun rasuwar mahaifinmu bai taɓa leƙowa ya tambayi abin da Inna ke ci ba. Ranar da yayana ya shiga soja, shi ne ya ce ai aikin waɗanda suka kasa noma ne. Amma da jin an kawo majigi, sai ga shi da sassafe da sandarsa, wai "ɗanmu jarumi" ba a ɓoye shi a tsakar gida. Kafin rana ta yi tsaka ya aika wa mai unguwa, ya aika wa dattawa, ya gayyato wani babba daga ƙaramar hukuma, ya mai da abin filin makaranta. Na tashi zan yi masa ta-tas, Inna ta riƙe mini zane.

Ta ce, "Babanki ne. Ni dai in gan shi, ko a kasuwa ne."

Na haɗiye. Da la'asar sakaliya na kwashi kaya zuwa makaranta. Na ɗaure farin zanen gado a bangon aji, na ja shi sosai don kada ya yi lanƙwasa. Na fito da teburin hedimasta na daidaita ƙafafunsa da fasasshen bulo. Janareta na kai shi can bayan aji saboda hayaƙi da ƙara, da ɗan man da na samu da kyar wurin 'yan bumburutu, don gidajen mai a lokacin layi kawai suke sayarwa. Na bi da waya ta gindin bango inda ƙafa ba za ta ja ta ba, na haɗa akwatin bidiyo da majigi, lasifika kuma na haɗa ta da akwatin bidiyon kai tsaye. Da rana ta faɗi na kunna na ɗan lokaci, na murɗa idon majigin har hoto ya fito tar, na juya kaset ɗin na tsayar da shi a kan sojan da ke gaban yayana. Sai na kashe ƙwan na tsaya ina sauraron fanka.

Baffa yana tsaye a kaina tun ɗazu, ya goya hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera.

"Me ya sa kika kashe? Baƙi sun kusa isowa."

"Ƙwan ne ba ya son zafi, Baffa. Sai an zauna za a kunna."

"Ƙwai?"

"Ƙwan da ke ba da hasken."

Ya yi wata dariya ya juya wajen dattawan da suka fara taruwa. "Kun ji boko ko? Wai ƙwai ba ya son zafi. Yo tun da Allah ya yi duniya wane ƙwai ne bai son ɗumi? Sanyi ke ɓata ƙwai, yarinya. Je ki tambayi kaza." Dattawa suka taya shi, don dariyar mai shirin zama kansila ba a barinta ta faɗi ƙasa. Sannan ya nuna robar tayar da sandarsa. "Wannan kuma fa? Haka za a ajiye shi tsirara da ɗaurin kuturu a gaban manyan mutane?"

Na ce, "Haka mai shi ya ce a bar shi. Don Allah, Baffa, kada kowa ya taɓa. Zan je in zo da Inna."

Ya ce, "Je ki abinki. Ina nan."

Ai kuwa yana nan.

Na tarar Inna ta yi wanka ta ɗaura zanenta na Kirsimeti, har da kwalli, ita da ba ta ganin madubi. Ƙawarta tana yi mata tsiya wai ko zance za ta. Tafiyar mai yanar ido ba ta sauri, ga shi duk wanda muka gamu da shi sai an gaisa, ina gajiya, ina gida, yaya zafi, yaya labarin na nesa. Tun kafin mu karya kwanar makaranta na hango haske a bango, na san Baffa ya kunna majigin.

Fili ya cika maƙil, har maƙwabtanmu Musulmi da suka idar da magariba sun zo da tabarminsu. Majigi yana kunne, babu hoto, sai farin haske. A tsakiyar hasken kuwa Baffa ne tsaye da sabuwar babbar riga, inuwarsa ta cika zanen gado tun daga ƙasa har sama. Ashe ya gano cewa in ya matso kusa da majigin inuwar tana ƙara girma. Sai ya ɗaga hannu, ya saci kallon bango ya ga hannun ƙato ya ɗagu, ya ƙara murya. Yana ba da tarihin gidanmu tun daga kakan kakansa, yadda jarumta ke gudana a jininmu, yadda shi da kansa ya ba yaron shawarar shiga soja. Bawan Allahn nan na ƙaramar hukuma yana zaune yana ta duba agogo.

Na zaunar da Inna a gaba, dab da zanen, na kutsa zuwa tebur. Abin da na gani har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. A ƙauyenmu duk abin da ake ji da shi rufe shi ake yi, rediyo, keken ɗinki, kwanukan jere, kowanne da mayafinsa. To Baffa ya aika gida an ɗauko matashin karan-miski na ɗakin matarsa ya ɗora majigin a kai, ramukan ƙasa duk sun nutse. Ya kuma lulluɓe shi da ƙyallen nan mai kauri mai ɗinkin furanni da suke rufe rediyonsu, ya cusa gefe da gefe tsaf don kada robar taya ta leƙo. Ido kawai ya bari a waje. Na ɗora hannu na janye ba shiri. Fanka tana ta gurnani a ciki kamar akuyar da aka shaƙe.

Na kama ƙyallen zan fizge, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Baffa ne, ya katse jawabi ya zo.

Na yi ƙasa da murya. "Baffa, zai mutu. A bari in kashe ya huce ko kaɗan ne."

Shi kuwa ya ɗaga tasa don baƙi su ji. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba za ki tona mana asiri a gaban mutane ba. Wanda ya kashe wutar nan ko ya yaye rufin nan, ba jinina ba ne." Ya jawo kujera ya zauna a jikin teburin, ya ɗora tafin hannunsa a gefen matashin yana gadi. Allah shaida, kaza mai kwanci ba ta fi shi kama da kaza mai kwanci ba.

Daga can gaba na ji muryar Inna, a hankali. "Auta, ki bari. A sa kawai."

Baffa ya ce in mai da kaset farko, baƙi su ga fareti da manyan bindigogi. Nan kam ban ko dube shi ba, na danna daga inda na tsayar.

Hoto ya fito. Wani soja baƙi dogo ya cika bango yana gai da mutanen Ikara. Inna ta miƙe zaune, ta kama hannun ƙawarta. "Ga mutum," in ji ta. "Na ga hula. Na ga haƙora, dariya yake yi." Ashe dabarar ta yi, tana gani. Na ce a raina, Ubangiji, numfashi kaɗan kawai nake roƙo. Sojan ya gama gaisuwa, ya juya zai fita ta dama. Na san yayana ta hagu zai shigo.

Sai muka ji fus, kamar an fasa ƙwai a cikin toka. Bango ya yi duhu, ƙaurin ƙyalle ya tashi.

Da yake lasifika ba ta bi ta majigin ba, sauti bai tsaya ba. Cikin duhun nan, a gaban gari guda, muryar yayana ta fito sarai. "Inna, ki dube ni da kyau. Kin ga na yi ƙiba?"

Sai na ji Inna ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba tunda aka haife ni. Sau ɗaya ta kira, ba da ƙarfi ba, kamar yana bayan ɗaki. Shi kuwa ya ci gaba da cewa kada ta sa komai a ranta.

Na yaye ƙyallen na yar, na zare matashin, na bar fanka tana juyawa, ko da yake babu sauran abin da za ta ceta. Aka kunna fitilun hannu. Kowa ya san wanda ba ya jin bari zai ji hoho, amma ban da Baffa. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce wa baƙon, "Ranka ya daɗe, ka ga irin kayan da ake kawo mana yanzu. Babu ƙarko. Duk da gatan da na yi masa." Gata. Haka ya ce, kunnena ya ji.

Ƙawar Inna ce ta amsa masa, tana ɗaga Inna daga tabarma. "To, Baffan yara, sannu da kwanci. An ƙyanƙyashe ke nan? Ina ɗan tsakon, mu gani?"

Wani ya tuntsure da dariya daga baya, fili duka ya ɗauka. Baƙon ya shiga motarsa ko sallama bai tsaya yi sosai ba. Daga ranar sunan Baffa ya koma Mai Kwanci, ya bi shi coci, ya bi shi kasuwar Hunkuyi, ya bi shi har kabari. Kansila kuwa wani aka naɗa, babbar rigar ta ƙare a zuwa bikin mutane. Ban taɓa tausaya masa ba, ba kuma zan yi ƙaryar na yi ba. Na sha lissafawa a raina, da ya rage karin magana ɗaya tak daga jawabin nan, da Inna ta ga ɗanta.

A hanyar gida Inna tana riƙe da hannuna, ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa ƙofa ta ce, "Na ga kafaɗarsa, Auta, kafin wutar ta ɗauke. Da gaske yake. Kafaɗar ta cika."

Kafaɗar ɗan Ikara ce, da yake juyawa zai fita. Na ce, "Ta cika, Inna."

Da mai bishara ya dawo na kai masa kayansa na faɗa masa komai. Ya buɗe ya zazzage gutsattsarin gilashi a takarda, ya daɗe yana kallonsu, bai ce mini komai mai zafi ba, wanda da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ƙauyukan da ke jiran majigin nan duk suka haƙura. Aka nemi ƙwai a Zariya babu, Kaduna babu, Kano aka ce sai dai a yi oda daga waje, su kuwa kayan waje a shekarun nan sai wanda Allah ya nufa. Baffa ko sau ɗaya bai tako ya ce a yi haƙuri ba. Cewa yake yi da ma ƙwan ya tsufa, wai ɓaragurbi ne.

Ƙwan ya iso bayan an yi girbi. Inna kuwa tun tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Yayana ya dawo shekarar da ta biyo, a raye, amma ƙashi da fata. Ashe ranar da aka ɗauki hoton riga biyu ya saka a ƙarƙashin kakinsa don hankalinta ya kwanta. Na kai shi kabarinta, ya durƙusa ya daɗe. Da ya tashi bai dube ni ba, ya ce, "Kaset ɗin ya iso? Ta gan ni?"

Na ce, "Ta kira sunanka."

Ya juyo ya dube ni, don ya san abin da wannan ke nufi a bakin Inna. Ya koma ya durƙusa, na bar shi a wurin.

Yanzu majigi ya zama ruwan dare, jikokina ma suna haɗa shi da waya. In na gan su za su ajiye shi a kan katifa ko su jefa masa mayafi, ihun da nake yi har mamaki yake ba su. Abin da wannan yammacin ya koya mini shi ne, in aka ba ka amanar abu, maganar mai shi ita ce magana, ko da mai furfura ne ya zo da wata. Furfura ba ta san ramin iska ba. Kuma ka ji tsoron mutumin da tsagewar akwati ta fi damunsa a kan abin da akwatin zai nuna, domin don ya rufe abin kunyar da babu wanda ya lura da shi, zai iya shaƙe abin da wani ya jira shekara da shekaru. Mu robar taya aka ɓoye wa baƙo, uwa kuma ta tafi da kafaɗar ɗan wani.